MAKAHO DA KAREN JAGORANSA: ABIN LURA GA MUSULMI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ji da gani, ya ba wanda ya so, ya jarrabi wanda ya so da rashinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu ɗauko labari ne daga ƙasar Amurka, labarin wani makaho da karyar da ta yi masa jagora shekara goma, wadda bai daina tunawa da ita ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Na san wani zai ce me ya haɗa filin addini da zancen kare? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Allah da kansa ya ambaci kare a cikin Littafinsa Mai Tsarki, kuma akwai hukunce-hukunce da suka rataya a kan wannan al'amari waɗanda rashin saninsu ya sa ana cutar da bayin Allah makafi da sunan addini.

Sunan wannan makaho Morris Frank. An haife shi a birnin Nashville ta jihar Tennessee a shekarar 1908. Yana ɗan shekara 6 ya rasa ido ɗaya, ya yi karo da reshen itace yana bisa doki, sa'an nan yana da shekara 16 ɗayan ya mutu a wajen wasan dambe. Da ya zama saurayi ya shiga sana'ar sayar da inshora, wadda ke bukatar yawo gida gida. Sai ya riƙa ɗaukar yara yana biyansu su yi masa jagora, amma abin bai yi masa daɗi ba, domin dole ya jira lokacin da ɗan jagora ya ga dama, kuma ba shi da wani sirri da zai ɓoye wa wanda ke riƙe da hannunsa.

A cikin watan Nuwamba na 1927 wata Ba'amurkiya mai suna Dorothy Eustis, wadda ke kiwon karnuka a ƙasar Suwizalan, ta rubuta bayani a wata mujalla a kan wata makaranta da ta gani a garin Potsdam na ƙasar Jamus, inda ake horar da karnuka su yi jagora ga sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko. Jamusawa sun fara wannan aiki tun 1916 a garin Oldenburg, saboda yawan mazajen da suka dawo daga fagen fama babu idanu. Aka karanta wa Frank wannan bayani, ya rubuta wa matar takarda yana roƙon ta horar masa da kare, ya yi alkawarin in abin ya yiwu zai taimaki sauran makafin ƙasarsa su ma su samu.

A shekarar 1928 ya shiga jirgin ruwa ya tafi Suwizalan. Aka haɗa shi da wata karya irin ta makiyayan Jamus, ya sa mata suna Buddy, watau aboki. Bayan makonni yana koyon tafiya da ita ya komo gida. Da ya sauka a New York cikin watan Yuni na wannan shekara, sai 'yan jarida suka ƙalubalance shi ya ƙetare wani titi na bakin tashar jiragen ruwa, wanda manyan motocin kaya ke zirga-zirga a kansa ba ƙaƙƙautawa. Ya kama mariƙin ɗamarar karyarsa, ta ratsa da shi tsakanin motoci, tana tsayawa tana ci gaba, har suka kai ɗaya gefen lafiya. Ya aika wa malamarsa saƙon tangarahu mai kalma ɗaya tak, wadda ma'anarta ita ce nasara. A watan Janairu na 1929 shi da matar nan suka kafa makarantar horar da karnukan jagora mai suna The Seeing Eye, wadda daga baya ta koma jihar New Jersey.

Shekara goma Buddy tana gaba Frank yana biye, suna zaga biranen Amurka suna neman a yarda makaho ya shiga jirgin ƙasa da masauki da gidan abinci tare da karen jagoransa. Ta mutu a watan Mayu na 1938. Frank ya rayu har zuwa 1980, ya yi amfani da karnuka da dama bayanta, amma kowanne ya karɓa sai ya sa masa suna Buddy. Shekara arba'in da biyu ke nan yana kiran wannan suna safe da yamma.

Domin mu fahimci dalilin wannan shaƙuwa, ya kamata mu san irin aikin da karen jagora yake yi. Tun yana ɗan kwikwiyo ake ba da shi ga wani gida ya saba da mutane da hayaniyar gari, sai ya haura shekara guda a mayar da shi makaranta a yi watanni ana horar da shi. Daga nan a haɗa shi da makahon da zai yi wa aiki, su yi makonni suna koyon juna. Ana ɗaura masa ɗamara ta fata mai mariƙi mai tauri, ta yadda duk motsin da ya yi mai shi zai ji a hannunsa. Yana tsayawa a bakin titi da gindin matakala, yana kauce wa rami, yana kuma lura da abin da ke sama daidai kan ubangidansa, kamar reshe ko allon kanti, alhali shi kansa zai iya wucewa ta ƙarƙashi ba abin da zai taɓa shi. Kare ba ya karanta fitilar ba da hannu, kuma ba shi ke zaɓen inda za a tafi ba. Makahon ne ke riƙe da hanya a ƙwaƙwalwarsa, shi ke sauraren motoci ya ba da umurni. Amma akwai wani abu guda da ake koya wa karen wanda ya fi sauran ban mamaki: idan aka umurce shi ya ƙetare, shi kuwa ya hangi mota tafe, to, zai ƙi bin umurnin, ya toge, ko da ubangidansa zai yi fushi. Irin wannan kare yakan yi aiki wajen shekara takwas zuwa goma kafin tsufa ya kama shi. Saboda haka makahon da ya yi tsawon rai sai ya ɗanɗani rabuwa sau da yawa.

To, yanzu mu koma ga tambayar da ta fi damunmu. Shin ya halatta Musulmi makaho ya riƙi irin wannan kare? Kuma in ya mutu, akwai laifi in zuciyarsa ta yi baƙin ciki?

Sanin kowa ne cewa shari'a ba ta son a ajiye kare haka kawai don sha'awa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da kuma Abu Huraira, Allah ya yarda da su, cewa wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum, a wata ruwaya ƙiraɗi ɗaya, a wata biyu. Amma a cikin hadisan nan ne kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gadin gona. Malamai da yawa, cikinsu har da Ibnu Abdil Barri babban malamin Malikiyya na Andalus, sun fahimci cewa dalilin keɓewar shi ne amfani da bukata, don haka suka shigar da sauran bukatu na gaskiya kamar gadin gida. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro a kan ransa. To, idan shari'a ta yarda da kare domin tsaron tumaki da dawa, yaya kuma tsaron ran ɗan Adam da gaɓoɓinsa a kan titi? Wanda ya auna zai ga cewa bukatar makaho ta fi ta maharbi ƙarfi.

Daɗin daɗawa, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah ya halatta mana cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo mana, ya kuma bayyana cewa horon da muke ba su yana daga cikin ilmin da shi ya sanar da mu. Ashe ke nan shari'a ta bambanta horarren kare da wanda ba a hora ba, har ta amince da naman da ya ɗauko a bakinsa. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an nuna cewa alamar horarren kare ita ce ya kame bakinsa daga abin da ya kama, ya ajiye wa mai shi. Ku duba fa, yunwa na cinsa, nama na bakinsa, amma ya danne son ransa saboda amana. Wannan hali shi ne ainihin abin da ake nema ga karen jagora, wanda zai wuce abinci a yashe a hanya, ya wuce 'yan'uwansa karnuka suna wasa, bai waiwaya ba.

Maganar najasa kuwa, a nan malamai sun saɓa. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin kare najasa ne, Hanafiyya suna ganin yawunsa ne najasa. Amma a mazhabar Imamu Malik, wadda galibinmu muke bi, duk mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, kuma umurnin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki umurni ne na bauta, ba don ƙazanta ba. Ko a wurin masu ganin najasa ne, maganin abin wankewa ce, ba su ce a wulaƙanta dabbar ko mai ita ba. Haka kuma hadisin da ya nuna mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare, Imam Alhaɗɗabi ya tafi a kan cewa karen da aka hana ajiyewa ake nufi, Imam Annawawi kuwa ya ga hukuncin ya game duka. Mai son fita daga saɓani sai ya keɓe wa karen wurin kwana dabam, nesa da wurin sallarsa, ya kuma tabbata wurin yana da inuwa da ruwa.

Wannan mas'ala ta taso a aikace ga 'yan'uwanmu Musulmin Ingila. A shekarar 2008 wata majalisar malaman shari'a ta can ta ba da fatawa cewa makaho yana iya zuwa masallaci da karen jagoransa, muddin karen ba zai shiga inda ake salla ba. A kan haka wani masallaci a birnin Leicester ya gyara wuri na musamman a bakin shiga, inda karen wani matashi makaho zai kwanta ya jira har a sallame. Wannan ya tuna mini da hadisin da Muslim ya ruwaito, na makahon da ya zo wa Annabi yana kukan ba shi da ɗan jagoran da zai riƙa kai shi masallaci, ya nemi a yi masa rangwame ya yi salla a gida. Da aka tabbatar yana jin kiran salla, sai aka umurce shi ya amsa. A ruwayar Abu Dawuda an ambaci cewa Abdullahi ɗan Ummi Maktum ne, wanda saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, wanda kuma ya zama ladanin Manzon Allah, aka sha barin sa ya kula da Madina in an fita yaƙi. Tun da shari'a tana son ganin makaho a cikin sahu, bai kamata mu toshe masa hanyar da Allah ya buɗe masa ta isowa sahun ba.

Abin takaici, a ƙasashen Turai da Amurka an sha kai ƙarar direbobin tasi, cikinsu har da Musulmi, saboda sun ƙi ɗaukar makaho don yana tare da kare, alhali dokar Ingila ta 2010 ta haramta wannan ƙi. Wanda ya aikata haka yana zaton tsoron Allah ne, to, ya sake tunani. Ya bar bawan Allah a tsaye cikin sanyi da ruwan sama, ya karya dokar ƙasar da ya yi alkawarin bi, ya kuma jawo wa addininsa zagi, duk saboda abin da shimfiɗa tsumma a ƙasan mota zai magance. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Zarri cewa zama ido ga mai raunin gani sadaka ce. Direban da ya tsaya ya ɗauki makaho da karensa yana cikin masu wannan sadaka, in ya kyautata niyya.

Sauran tambaya ta biyu, watau baƙin ciki da begen dabbar da ta mutu. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, wanda ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah da ya zo gidan ya gan shi a haka, bai tsawata masa ba, bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba. Sai ya kira shi da alkunyarsa cikin raha, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun don ya sanyaya masa rai. Idan wannan ne matsayin yaron da ya rasa abin wasa, ina ga baligin da ya rasa abin da ya zame masa ido shekara goma? Ranar da karen jagora ya mutu, mai shi ya rasa aboki, kuma a wannan safiya ya koma neman wanda zai raka shi kasuwa da wurin aiki. Hawayensa ba saɓo ba ne. Shi kansa Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma koya mana cewa abin kiyayewa shi ne harshe, kada ya furta abin da zai fusata Ubangiji.

Sai dai akwai iyaka. Ba a yi wa dabba wanka da likkafani da sallar jana'iza, domin waɗannan haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa. Ba a kururuwa da yage tufa, ba a kuma ɓarnatar da dukiya wajen gina kabari ko sassaƙa gunki, ko da wasu al'ummomi suna yi. A haƙa rami a binne ta don kada ta cutar da jama'a, a gode wa Allah da ya hore ta tsawon lokacin da ya hore ta, a ambaci alherinta in zance ya kawo. Kuma kafin mutuwa akwai haƙƙin tsufa. Karen da ya ƙare ƙarfinsa wajen yi maka hidima, in ƙafafunsa suka gaza, bai kamata a kore shi ya bi bola ba. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, mun kuma san na mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da kare mai lallage saboda ƙishirwa, Allah ya gode masa ya gafarta masa. Wancan kare bai taɓa yi wa mutumin nan aikin komai ba. To, yaya ladan wanda ya kyautata wa karen da ya yi masa jagora?

Ya 'yan'uwa, a cikin Suratul Kahfi Allah ya ba mu labarin samarin da suka gudu da imaninsu zuwa kogo, kuma bai bar karensu a baya ba. A aya ta 18 ya siffanta yadda ya miƙe ƙafafunsa na gaba a bakin kogon, a aya ta 22 kuma, duk lissafin da aka yi na yawansu sai an ambace shi. Malaman tafsiri irin su Alƙurɗubi da Ibnu Kasir sun ciro darasi a nan, cewa zama da mutanen kirki yana da albarkar da har kare ya samu rabonsa. Duk Musulmin da ya karanta wannan sura ranar Juma'a yana tunawa da wani kare da ya tsaya tare da ma'abutansa. Haka kuma wani malamin Bagadaza mai suna Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a shekara ta 309 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sa tufafi, don ya yi wa mutanen zamaninsa hannunka mai sanda a kan cin amana.

Wannan hannunka mai sanda ya iso gare mu. A garuruwanmu ba a saba da karen jagora ba, kuma horar da shi yana cin kuɗi mai yawa. Jagoran makaho a wurinmu sanda ce, ko kuwa yaro ƙarami mai riƙe da bakin sandar, wanda sau da yawa karatunsa ke salwanta a kan wannan hidima. Shi ma yaron nan yana da haƙƙi a kanmu. Da maƙwabta za su raba nauyin a tsakaninsu, wannan ya raka makaho masallaci da asuba, wancan ya kai shi asibiti, da an sami lokacin da yaron zai zauna a makaranta. Da masu gina kwata za su rufe ta, masu kasa kaya su bar hanyar ƙafa, masu mota da babur su rage gudu in sun hangi farar sanda, da makafi da yawa sun yi tafiyarsu ba tare da jiran kowa ba. Kowannenmu ya tambayi kansa, yaushe rabon da ya kama hannun makaho ya ƙetarar da shi titi? Dabbar da ba a yi mata alkawarin Aljanna ba, ba a tsoratar da ita da wuta ba, ta yi wannan aiki kullum har shekara goma.

Akwai kuma darasi a cikin togewar nan da karen jagora yake yi in ya hangi haɗari. Da yawa daga cikinmu muna kusa da shugabanni da masu gida da abokai, muna ganin sun doshi halaka, amma sai mu ce musu ranka ya daɗe hanya ta yi kyau, don kada abincinmu ya yanke. Alhali kuwa addini nasiha ne, kuma babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci. Amintaccen jagora shi ne wanda zai jure fushin ubangidansa na ɗan lokaci don ya tsirar da shi.

Ga 'yan'uwanmu da Allah ya jarraba da rashin gani, muna tunatar da ku bushara da Buhari ya ruwaito daga Anas, cewa Allah ya yi alkawarin Aljanna ga bawan da aka karɓe masa idanunsa biyu ya yi haƙuri. Duk abin da ya sauƙaƙa muku tafiya, sanda ce ko ɗa ko aboki ko dabba, rahama ce daga gare shi, sai a riƙe ta da kyautatawa, in ya karɓe ta kuma a yi haƙuri da godiya.

Allah ya buɗe idanun zukatanmu, ya sa mu cikin masu riƙon amana da tausayin halittunsa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.